Dutse a cikin auduga, ko sikeli ne ya lalace? Tarihin neman ɓoyayyen foton

A Mahuta da sauran garuruwan noma da ke tsakanin Funtuwa da Malumfashi, har yau akwai malamai da dattawa masu riƙe da lissafin taurarin damina. Su ne za su ce maka an fita Zira'a an shiga Nasara, ko Ɗarfa ta kusa, ko Jabaha ta sauka, kowane tauraro da kwanakinsa 13, Jabaha kaɗai ke da 14, har masaukai 28 su cika shekarar rana. Ilimi ne mai tsari, wanda ya zo daga Larabawa ta hannun malaman zaure, ya zauna ya zama ɗan gida. Amma dukkansa a kan zato guda ya dogara, wato abin da ke sama shi ne abin da ke ba da haske. Masu manyan madubin hangen nesa na Turai ma a kan wannan zaton suka daɗe. Cikin ƙarnin da ya wuce zaton ya rushe, masana suka wayi gari da lissafin da ke cewa mafi yawan nauyin da ke sararin samaniya ba ya haske kuma ba ya tare haske. Suka sa masa suna abu mai duhu, suka shiga neman ko mene ne shi, kuma cikin waɗanda ake tuhuma akwai wata ƙwaya da ake kira ɓoyayyen foton. Matsayina a kan batun shi ne: hujjar samuwar abu mai duhu ta yi ƙarfin da musunta ya zama taurin kai, shi kuwa ɓoyayyen foton zato ne da ba a taɓa gani ba ko sau ɗaya, amma nemansa aiki ne na hankali. Wanda ya zuba su biyun a kwando ɗaya zai yi kuskure ko ta wane gefe ya karkata.

Duk wanda ya san fulotin auduga ya san matsalar tun kafin a kawo masa ita daga sama. Idan aka ɗora ƙunshi a sikeli ya nuna ninki 6 na abin da ido ya ƙiyasta, ɗayan biyu ne: ko an cusa duwatsu a cikin audugar, ko sikelin ya lalace. Ilimin taurari ya gamu da kowanne daga cikinsu, kuma a hannun mutum ɗaya. A shekarar 1846 wani Bafaranshe mai suna Urbain Le Verrier yana neman dalilin da ya sa duniyar Yuranus ba ta bin hanyar da dokar Newton ta zana mata. Ya zauna da alƙalami ya lissafa inda wata duniya da ba a sani ba za ta kasance idan ita ke janta, ya aika wasiƙa Balin, a daren 23 ga Satumba Johann Galle ya juya madubinsa wurin ya ga Neftun. Dutse ne a cikin auduga. A 1859 Le Verrier ya sake gwada dabarar a kan duniyar Makyuri, wadda ita ma ke ɗan kauce wa lissafi, ya ce akwai wata duniya kusa da rana, har aka raɗa mata suna Vulcan. An shekara fiye da 50 ana leƙenta, wasu har da rantsuwar sun gan ta, alhali babu ita. Sai a 1915 Einstein ya nuna cewa dokar jan nauyi ta Newton ce ke da ɗan gyara a kusa da abu mai girma irin rana. Wannan karon sikelin ne.

Da wannan tarihi a zuciya ya kamata a saurari Fritz Zwicky, ɗan ƙasar Suwizalan da ke aiki a Caltech ta Amurka. A 1933 ya duba gungun Coma, inda galaksi sama da 1,000 suka taru, kowace galaksi kuwa garke ne na biliyoyin taurari. Ya ga gudun da suke yi ya wuce misali, har da a ce taurarin da ake gani su kaɗai ke riƙe da su, da tuni gungun ya watse. Ya ce lallai akwai nauyin da ba a gani. Alƙalumansa sun yi yawa, domin nisan da ake ba galaksi a zamaninsa ba daidai ba ne, shi kuma mutum ne mai zafin baki da bai tara masoya ba, sai maganar ta kwanta kusan shekara 40. Wadda ta tashe ta mace ce, Vera Rubin, tare da abokin aikinta Kent Ford wanda ya ƙera na'urar da suka yi aiki da ita. A 1970 suka auna gudun juyawar galaksin Andromeda, a 1980 suka fitar da sakamakon wasu galaksi 21. A tsarin rana, duniyar da ke nesa ita ce mai tafiyar hawainiya, saboda jan rana na raguwa da nisa. Haka aka zata za a gani a galaksi. Sai ga taurarin bakin gefe suna gudu daidai da na ciki. Masu auna iskar haidurojin da igiyar rediyo, irin su Albert Bosma a Holan a 1978, suka bi har can bayan inda taurari suka ƙare, gudun bai sauka ba. Rubin ta rasu a 2016 ba a ba ta kyautar Nobel ba, kuma wannan rashin adalci ne da ba ya gyaruwa.

Mai hankali zai ce, to me ya sa ba za a tuhumi sikelin ba, tunda an taɓa yin Vulcan? An tuhume shi, kuma da gaske. A 1983 Mordehai Milgrom na Isra'ila ya kawo gyara ga dokar Newton a wuraren da ja ya yi rauni ƙwarai, gyaran kuma ya dace da juyawar galaksi ɗaiɗaiku dacewar da har yau take ba abokan hamayyarsa mamaki. Inda ya gaza shi ne a manyan ma'aunai. A 2006 Douglas Clowe da abokansa suka bayyana abin da suka gani a wani gungu da ake kira Bullet, inda gungu biyu suka yi karo suka ratsa juna. Iskar gas mai zafi, wadda ita ce mafi yawan abin da aka sani a cikinsu, ta cije a tsakiya saboda gogayya. Amma da aka auna inda nauyi yake, ta hanyar duba yadda yake lanƙwasa hasken da ke zuwa daga baya, sai aka tarar nauyin ya wuce gaba abinsa ya bar gas ɗin a baya. Sikeli mai matsala zai iya ƙara wa kaya nauyi, amma da wuya ya nuna nauyi a wurin da kayan ba ya nan. Shaida ta uku ta fito daga hasken da ya rage tun sararin samaniya na da shekara kusan 380,000, wanda kumbon Planck na Turai ya zana taswirarsa daga 2009. Lissafinsa ya ba da kashi 5 cikin 100 ga duk abin da muka sani, daga masara da dutse har taurari, kashi 27 ga abu mai duhu, saura 68 ga wani makamashi da shi ma ba a gane ba. Hanyoyi uku da ba su jingina da juna ba, amsa ɗaya. Ruwa ba ya tsami banza.

Sanin akwai abu daban, sanin mene ne shi daban. Tun daga shekarun 1980 yawancin masana suka zuba jarinsu a kan wata ƙwaya mai nauyi da suke taƙaita sunanta da WIMP, wadda ake zaton jefi-jefi za ta yi karo da cibiyar ƙwayar zarra. Aka shiga ƙarƙashin ƙasa domin guje wa hayaniyar ƙwayoyin da ke zubowa daga sama: tsohuwar mahaƙar zinariya ta Homestake a Dakota ta Kudu, zurfin kusan kilomita ɗaya da rabi, da ramin dutsen Gran Sasso a Italiya, da Jinping a ƙasar Sin. A Homestake an cika tanki da tan 10 na ruwan zinon, an zagaye shi da idanun lantarki masu jiran ƙyaftawa guda. Sakamakon 2022 da na 2024 duk suka ce babu. Babban injin karo na CERN da ke kan iyakar Suwizalan da Faransa ya gano ƙwayar Higgs a 2012, amma bai haifi WIMP ba. Wannan shirun ne ya sa aka waiwayi wani tsohon tunani da ke ajiye.

Foton shi ne ƙwayar haske, kuma shi ne manzon da ke kai saƙo tsakanin duk abin da ke ɗauke da cajin lantarki. Hasken fitila, igiyar rediyo, kiran wayar salula, maganaɗisun da ke juya injin ban ruwa, duk aikinsa ne. Ba shi da nauyi ko kaɗan. A 1982 Lev Okun na Tarayyar Sobiyat ya yi tambaya: me zai hana a sami foton na biyu, mai ɗan nauyi, wanda kusan ba ya kula da irin cajinmu? A 1986 Bob Holdom na Jami'ar Toronto a Kanada ya nuna cewa idan akwai shi, ƙa'idojin lissafin ba su hana shi cuɗanya da foton namu ba, ta yadda lokaci-lokaci, cikin ƙanƙanin rabo, ɗaya zai rikiɗe ya zama ɗayan. Dalilin da ke bayan wannan tunani mai sauƙi ne, kuma ina ganin yana da ƙarfi. Kashi 5 ɗin da muka sani ya ƙunshi ƙwayoyi iri-iri da rundunonin ƙarfi guda huɗu. A kan wace hujja za a ɗauka cewa kashi 27, wanda ya ninka namu fiye da sau biyar, ƙwaya ce tilo marar hulɗa da kowa? Idan abu mai duhu na da nasa cajin, to yana da nasa manzon. Daga nan hanya ta rabu biyu. Ko dai ɓoyayyen foton mai shiga tsakani ne, ƙofa ɗaya tilo tsakanin ɓangarenmu da wancan, ko kuma shi da kansa ne abu mai duhun, idan nauyinsa ƙanƙani ne ƙwarai kuma ya cika galaksi kamar igiya mai kaɗawa, kamar yadda Ann Nelson da Jakub Scholtz suka nuna zai yiwu a 2011.

Shekarar 2008 ce ta fito da shi fili, kuma nan ne tarihin ya fi koyar da hattara. Wata na'ura mai suna PAMELA da ke kan tauraron ɗan'adam na Rasha ta ga ƙwayoyin fozitiron sun fi yadda aka zata yawa, sai Nima Arkani-Hamed da abokan aikinsa uku suka ce watakila abu mai duhu ne ke cin juna yana fitar da ɓoyayyen foton, shi kuma yana haifar da fozitiron ɗin. A shekarar dai Maxim Pospelov ya nuna cewa zai iya warware wani saɓani da aka gani a Brookhaven ta Amurka tun 2001 game da maganaɗisun ƙwayar muwon. Jama'a suka ɗauki zafi. Gwaje-gwaje suka taso a Mainz ta Jamus, da Jefferson Lab da SLAC a Amurka, da CERN. Kafin ƙarshen 2017 gwajin BaBar na SLAC da NA64 na CERN da ire-irensu sun rufe wurin da ɓoyayyen foton mafi sauƙi zai zauna ya warware saɓanin muwon. Daga baya ma, da aka sake lissafin da manyan kwamfutoci, zuwa 2025 saɓanin kansa ya kusa ɓacewa. Fozitiron ɗin PAMELA kuwa da yawan masana yanzu sun fi danganta su da matattun taurari masu juyawa da ake kira fulsa. A Debrecen ta Hangari, Attila Krasznahorkay ya ba da rahoto a 2015 cewa ya ga alamar sabuwar ƙwaya a rushewar cibiyar beriliyam, aka sa mata X17. Gwajin MEG II a Suwizalan ya nema, a 2024 ya ce bai ga alama mai ƙarfi ba, maganar tana nan a rataye. Duk wanda ya ci karo da kanun labari cewa an gano runduna ta biyar, ya tuna waɗannan.

Abin da ya fi jan hankalina a fagen shi ne dabarun neman, domin wasunsu mutum zai iya riƙe su a ka ba tare da lissafi ba. Ɗaya ita ce haska bango. A DESY ta Hambug, gwajin ALPS ya harba hasken leza mai ƙarfi a kan shinge, ya ajiye ma'auni a bayansa cikin duhu. Foton ba ya ratsa shinge, amma idan ɗaya ya rikiɗe kafin ya isa, zai wuce kamar babu komai, kuma yana iya komawa haske a ɗaya gefen. Sakamakon 2010 duhu ne. Ta biyu ta fi kusa da gida. A 2013 Dieter Horns da wasu masana suka lura cewa idan ɓoyayyen foton ne abu mai duhu, to yana ratsa kowane ƙarfe a kowane lokaci, yana girgiza ilektaron da ke cikinsa girgiza marar misalin ƙanƙanta, ƙarfen kuma dole ya fitar da foton na gaske a miƙe daga fuskarsa. Idan aka lanƙwasa ƙarfen kamar farantin setilayit da ke kan rufin gidaje a Funtuwa, sai duk abin da ya fito ya taru a wuri guda. A Karlsruhe an ɗauko wani madubi mai faɗin kusan murabba'in mita 14, wanda aka ƙera a matsayin gwaji domin cibiyar Pierre Auger ta Ajantina, aka kafa shi a ɗakin da aka toshe duk wata kafar haske, aka ajiye idon lantarki a tsakiyarsa aka yi ta jira. A 2020 suka ce ba su ga komai ba. Ba mamaki abin ya yi wuya: gwargwadon lissafi, duk abu mai duhun da ke cikin faɗin wannan duniya tamu a kowane lokaci bai kai kilo ɗaya ba. A CERN kuma gwajin FASER na zaune a wani tsohon rami, mita 480 daga inda ƙwayoyi ke karo, da kusan mita 100 na dutse da kankare a tsakani, yana jiran abin da zai ratso. A 2023 bai ga ɓoyayyen foton ba, amma ya zama na farko da ya kama ƙwayoyin niyutirino da injin karo ya haifa.

Suka mafi nauyi da ake yi wa wannan nema ita ce ba shi da ranar ƙarewa. Abu biyu ne ba a sani ba, nauyin ƙwayar da ƙarfin cuɗanyarta, kuma duk lokacin da aka nema aka rasa, mai ra'ayin zai iya cewa cuɗanyar ta fi haka rauni. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa ban yarda a kira ɓoyayyen foton amsa ba. Amma sukar ta manta abu biyu. Na farko, akwai wuraren da zaton ya ɗaure kansa. Idan abu mai duhu ya samu ne a zafin farkon halitta ta hanyar wannan ƙofa, to adadin kashi 27 ɗin yana tilasta cuɗanyar ta kai wani mizani, kuma wannan mizanin na'urori na iya kai masa. Rana ma shaida ce: da cuɗanyar ta wuce wani ƙima a wasu ma'aunan nauyi, da rana na zubar da zafinta ta wannan kafa fiye da yadda ma'aunai suka yarda. Gungun Bullet shi ma ya sa iyaka, domin da abu mai duhu na karo da junansa da ƙarfi, da ya cije a tsakiya kamar gas. Na biyu, tarihi ya san dogon jira. Wolfgang Pauli ya yi hasashen niyutirino a 1930, sai a 1956 aka kama shi a gefen tukunyar nukiliya ta Savannah River. Higgs ya ɗauki shekara 48. Sai dai waɗannan biyun lissafi ne ya tilasta su, shi kuwa ɓoyayyen foton lissafi ya ba shi izini ne kawai, kuma tazarar da ke tsakanin tilas da izini babba ce.

Akwai wata magana da ke saurin zuwa bakin mutanenmu idan suka ji batun halittar da ke ratsa bango ba a ganinta, wato a ce ai ga aljanu nan kimiyya ta gano. Ina roƙon masu wa'azi da masu rubutu a Facebook su yi haƙuri da wannan. Gaibu a wurin Musulmi imani ne da ya zo ta hanyar wahayi, bai jira tankin zinon ba. Abu mai duhu kuwa nauyi ne da ake aunawa, ba a san shi da rai ko nufi ba. Wanda ya jingina aƙidarsa da ɓoyayyen foton ya ɗora abu mai daraja a kan zaton da gwaji ɗaya zai iya rushewa gobe, kamar yadda aka rushe Vulcan.

Sai tambayar da ta fi ciwo: yankin da manomi ke tsoron zuwa gonarsa saboda 'yan bindiga, taki ya yi tsada, makarantar sakandare ba ta da ɗakin gwaji, ina ruwansa da wannan? Ba zan ce ɓoyayyen foton zai sauke farashin buhun taki ba. Amma ƙwararrun da nema irin wannan ke horarwa, masu iya tsamo siginar da ta fi raɗa rauni daga cikin hayaniya, su ne dai masu gyara na'urar hoton asibiti da turakun sadarwa da ma'aunan yanayi. Kuma ƙofar ba a rufe take ba. A Zariya, Cibiyar Bincike da Horo kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana tafiyar da ƙaramar tukunyar nukiliya tun 2004, abin da ke nuna cewa aikin awo mai tsanani ya zauna a ƙasar Hausa. Ghana ta mai da tsohon farantin sadarwa mai faɗin mita 32 a Kuntunse ya zama madubin rediyo a 2017. A 1965, a can ƙasan wata mahaƙar zinariya kusa da Johannesburg, aka kama wasu daga cikin niyutirino na farko da sararin sama ke haifarwa. A ƙasar Sin an yi amfani da bayanan babban farantin FAST, mai faɗin mita 500, aka sa wa ɓoyayyen foton sabuwar iyaka a 2023 ba tare da an gina wani sabon abu ba. CERN na sakin bayanan gwaje-gwajenta kyauta a intanet tun 2014. Ɗalibin fizis a Katsina ko Dutsin-Ma da ke da kwamfuta da malami mai himma zai iya taɓa ainihin bayanan da ake jayayya a kansu. Gina faranti mai gogayya da na Karlsruhe na buƙatar wutar da ba ta ɗaukewa da na'urar ƙara sigina marar hayaniya, kuma waɗannan kuɗi ne, amma kuɗin sashen jami'a ne, ba na ƙasa ba.

Fagen da ya rage ana ta matse shi. Gwajin Belle II a Japan na tattara bayanai tun 2019, ana shirya LDMX a SLAC domin ya kai ga mizanin nan da kashi 27 ya tilasta, kuma a Maris na 2024 CERN ta amince da gina SHiP, wanda zai riƙa harba furoton a kan toshiyar ƙarfe mai kauri yana duban abin da zai ɓullo a bayanta, ana sa ran ya fara aiki a farkon shekarun 2030. Idan waɗannan suka dawo hannu rabbana, ɓoyayyen foton mai shiga tsakani, a siffarsa mafi sauƙi, zai rasa mafi yawan wurin zamansa, a koma kan sauran waɗanda ake tuhuma, irin su ƙwayar aksiyon, nauyin Coma da Andromeda kuwa yana nan yadda Zwicky da Rubin suka bar shi, ba a san mai shi ba.